Baba Zarshad da Kwarin da Ya Ƙoshi

A ƙauyenmu na gefen Swabi babu wanda ya taɓa shiga zauren Baba Zarshad ya fito da yunwa. Ko gurasar masara ɗaya ce ta rage, sai ya raba ta daidai wa daida, ya ɗora shayi da mazarƙwaila. Yadda yake wa mutane haka yake wa gona, kuma abin da ya kayar da shi ke nan.

Gonar ta Ajab Khan ce. Baba yana noma taba a cikinta ana raba amfani, tun yana saurayi har gemu ya yi fari. Tudu ce mai yashi, ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai da Khan ya sayar da ɓaunayensa ya ƙara masa da kwarin da ake ɗaure su, wanda kashinsu ya riga ya cika shi da taki. Taba kuwa ba masara ba ce. In ta ƙoshi da yawa ganyen kauri yake yi, ya ƙi yin ruwan ɗorawa a ɗakin gashi, ya fito baƙi. Ni nake hura masa wutar gashin, na gani da idona.

Da masu saye suka ƙi ganyen kwarin, Khan ya ce in aka kuma zai karɓe gonarsa. Ya kawo malamin gona ya auna ƙasar.

"Baba, tudun ne ke jin yunwa," in ji malamin. "Kwarin nan ya ƙoshi har wuya, kada ka ba shi ko ƙwaya."

"Yaro, a gidanku haka ake yi? A ba wani, wani yana kallo?"

"Ƙasa ce fa, Baba, ba baƙo ba."

"Ita ta ci da ni tun ba a haifi babanka ba."

Na roƙe shi, ya ce in ji da wutata. Ya watsa takin zamani ko'ina daidai. Tabar kwari ta kai kafaɗa, koriya shar, yana ta kiran masu wucewa su zo su gani. Wallahi ranar da muka buɗe ɗakin gashi muka ga ganyen ya sake fitowa baƙi, sai da na ji hawaye, don haushi da tausayi.

Khan ya ba wani gonar. Yanzu ƙwadago Baba yake yi a cikinta, bai san wata sana'a ba. Sabon manomin ya ja layi da fartanya tsakanin tudu da kwari. Rannan na ga Baba yana watsa taki, ya zo kan layin ya tsaya da taki cike da hannu, yana kallon kwarin.

"Tsoho, a nan ake tsayawa!" manomin ya daka masa tsawa.

Baba ya mayar da takin cikin buhu, ya juya, bai ɗaga kai ba.