Tagar da Maigidana Ya Toshe

Maigidana maƙerin zinariya ne. A layinmu na unguwar Nima, duk jaririyar da aka huda wa kunne, ɗan kunnensa ta fara sawa. Kyauta yake bayarwa ranar suna, kuma da hannunsa yake sa mata. Hannun nan shi ne abincinmu, shi ne mutuncinsa.

Ɗakin aikinsa taga ɗaya gare shi, ita ma ya toshe ta da kwali da tsumma, yadda ya ga wanda ya koya masa sana'a yana yi. Wai iska ɓarauniyar garin zinariya ce, ga kuma idon mutane. Idan masu haƙar zinariya suka sauka a tashar mota ta Circle, a dunƙule suke kawo masa ita cikin zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke tsere wa yatsa. Sai ya ja ƙofa, ya ɗora dunƙulen a garwashi, ya duƙa yana hurawa da baki har zaibar ta bi iska, zinariya ta rage.

Ni kuwa ba na iya shiru. Nakan buga ƙofar.

"Baban yara, buɗe mana! Kai kifi ne da za a yi bandarka?"

Sai ya yi dariya daga ciki. "Madam, bar surutu. Abin nan ba shi da wari koraa, ko kaɗan. Abin da ba shi wari, yaya zai kashe mutum?"

Da tafiya ta yi tafiya, koko ya fara zubewa a rigarsa in ya ɗauki kofi. Dasashinsa ya riƙa jini. Mutumin da ko kaza ba ya kora ya koma yi wa yara tsawa, daga baya ya zauna yana hawaye. Dattawan unguwa suka ce ai zinariya da aljanunta take tafe. Aka kawo rubutu, aka kawo turare, aka rufe shi a wannan ɗakin dai don hayaƙi ya ratsa shi sosai.

Sai a asibiti wata likita ta tambayi sana'arsa. Ta ce zaibar ba tafiya take yi ba, ƙirjinsa take shiga, sauran ta lafe a bango. Ta ce akwai tukunya mai murfi da bututu da ke kai tururin cikin ruwa. Tukunya da murfi! Shi ke nan abin da ya tsaya tsakaninmu da wannan masifa. Har yau in na ji rediyo na zancen dokar zaiba, raina ɓaci yake. Ina dokar take lokacin da ake sayar da ita a 'yan kwalabe kamar man zafi?

Ranar sunan jikarmu ta fari, ya fito da ɗan kunne na ƙarshe da ya ƙera. Tsakar gida cike da mata, aka miƙa masa jaririya. Ya kai hannu, hannun ya ƙi tsayawa. Ya sake kaiwa, ɗan kunnen ya faɗi a tabarma. Na sunkuya na ɗauka.

"Sa mata," ya ce da ni. "Kar in ji mata ciwo."

Na sa mata.

Bayan la'asar na same shi a ɗakin aikin yana jan kwalin tagar, yatsunsa sun kasa riƙewa. Na fizge masa shi. Rana ta shigo har kan maƙera, muna jin hayaniyar yara a lungu. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe ɗakin nan yana da haske," ya ce.