Gwiwar Ƙarfen Baba da Auren Mangwaro

Mahaifina ya fi shekara talatin yana yi wa mangwaro aure a lambunmu na bakin kogi, kusa da Abu Hujar. Yakan yanko reshen mai zaƙi, ya tsaga jikin mai tsami, ya cusa, ya ɗaure tam. Wanda duk ya taɓa ɗaurin kafin kwana arba'in, ranar sai ya yaba wa aya zaƙinta. Da gwiwarsa ta dama ta cinye har ya koma salla a kan kujera, muka kai shi Khartoum a sa masa ta ƙarfe. Shi tafiya ba ta dame shi ba. Burinsa goshinsa ya sake taɓa ƙasa.

Ni ce malamar makaranta a gidan, don haka ni na zauna gaban likita ina zuba tambaya kamar ni za a yanka. Ya nuna mana ƙarfen, bayansa da kaushi kamar dutsen niƙa. Ya ce ba za a liƙa da siminti ba, ƙashi ne zai tsiro cikin kaushin ya riƙe, kuma in ya kama zai daɗe.

Baba ya yi murmushi. "Ɗiyata, wanga ai aure ne. Kwayyis, da kyau, daktor, na gane."

Ganewar nan ce ta cuce mu. Likita ya ce a riƙa lanƙwasa ƙafar kullum ana takawa, Baba ya ce to. Muna isa gida ya sa aka yago tsohon rawani, aka naɗe ta a miƙe, ya haye gadon igiyarsa. Na lallaɓa, na yi faɗa, na karanto masa takardar asibiti.

Ya ce, "Ke, mangwaro nawa daktor ya aurar? Aure da motsi ba su gamuwa."

Ni ma maganar ta shige ni. Ni na ja ƙullin ƙarshe, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ranar arba'in aka kwance. Ciwo ya tafi, yana takawa har lambu, amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa sai rabi.

Shekara goma sha huɗu, duk bayan kaka ina kai shi Sinja a ɗauki hoton ƙafar. Nakan ɗaga hoton a hasken taga ina neman inda ƙashi ya ƙare ƙarfe ya fara. Yaya abu mai rai yake rungumar marar rai haka? Likitoci sun yi ta canzawa, maganarsu ɗaya: ya kama, bai motsa ba.

A zuwanmu na ƙarshe likita ya ce, "Tamam, lafiya lau, ya Hajj, wannan zai ƙara wasu shekarun." Baba ya karɓi hoton, ya yi masa irin duban da yake wa reshe.

"Ya kama kam," in ji shi. "'Ya'ya ne bai yi ba."

Aka kira azahar. Na je na ɗauko masa kujera.