Kurman Gada

Da kunnuwansa garau ya zo bakin kogin, yana saurayi, cikin ma'aikatan da aka kwaso don gina gadar jirgin ƙasa. Aikinsa dukan ƙusa: a ciro ta daga wuta jajir, a zura ta a ramin ƙarfe, shi kuma ya bi ta da guduma har kanta ya baje. Kafin gadar ta kai ɗaya gaɓar, ƙarar ƙarfe ta cinye masa ji. Daga nan sunansa ya ɓace, sai Kurman Gada.

Da aka gama aiki, abokansa suka hau jirgin farko suka wuce. Shi aka bari yana duba ƙusoshin. Kowace safiya yakan bi gadar, ya ɗora yatsa a kan ƙusa, ya ƙwanƙwasa. In ta yi rawa, ya canza ta.

Ya auri 'yar wani masunci, mace mai surutun tsiya.

"Ke da wa za ki riƙa hira?" in ji yayarta.

"Haba Yaya, ai na huta. Na samu wanda ba zai katse ni ba."

Ita kaɗai ta iya magana da shi. Takan kama haɓarsa ta juyo fuskarsa, ta motsa leɓe a hankali. Duk labarin gari daga bakinta yake samu, har da wanda ta ƙara wa gishiri.

Shekarar da kogin ya yi ambaliya, zazzaɓi ya ɗauke ta. Masu ta'aziyya suka cika gidan, bakuna suna ta motsi, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Bayan sun watse, gidan ya yi masa faɗi. A kasuwa ma sai dai a ɗaga masa hannu a wuce.

Daga baya aka gina sabuwar gada a gefe, aka rufe tsohuwar, aka sallame shi. 'Yarsu tilo ta zo daga birni ta tafi da shi. Da jirginsu ya hau sabuwar gadar, ya manna goshi a gilashin taga yana kallon tsohuwar.

"Tsatsa ta fara cin ta!" ya ce da ƙarfi, har mutanen taragon suka juyo.

A gidan 'yarsa ya ƙarasa kwanansa, a ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Jikoki kan leƙo su gaishe shi, ya ba su amsar abin da ba su tambaya ba. Su kwashe da dariya su fice, shi kuma ya yi murmushi, bai san me ya faɗa ba.