Ranar da aka are ni in yi tsoho a Lyon

Ni dai ajina biyu a lakwal malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Shi ya sa na sha dariya ranar da aka ce ɗalibar jami'a na neman taimakona.

Ƙawar ɗiyata ce, tare suke karatu a Saint-Denis. Daga Kanada ta zo, ƴar ƙabilar Blackfoot, mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Takan zo gidanmu a Sevran cin tuwo, har ta koyi ce mini Baba.

Wata rigar fata ta kakanninta na ajiye a gidan kayan tarihi a garin Lyon, kuma a kanta take rubutun kammala karatu. An ba ta izinin ganinta sau ɗaya. Kakarta ta ce kada ta shiga ba dattijo, kuma ta gaida rigar da harshensu kafin ta auna komai. A jami'arsu ta gida, in ji yarinyar, akwai tsofaffi da ke zama don ɗalibai kawai. A nan kuwa sai ni.

"Baba, zama kawai za ka yi," in ji ɗiyata. "Ban da surutu."

"Wannan aikin na fi kowa iya rabinsa," na ce.

A jirgin ƙasa, mu uku har da ɗiyata, yarinyar ba ta ci komai ba, tana ta maimaita gaisuwar a ƙasan murya. Ta ce da girmanta ta koyi harshen, domin an hana kakarta yin shi a makaranta tun tana ƙarama. Tsoronta kada ya ƙwace mata a gaban rigar.

Wata ma'aikaciya ta kai mu ɗaki mai sanyi, ta yaye farar takardar da aka rufe rigar da ita. Rigar ta yi duhu don tsufa, da ado a kafaɗu da geza a hannuwa. Yarinyar ta tsaya, ta fara. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san gaisuwa in na ji ta. Ta yi kaɗan sai ta tsaya cak.

A garinmu ba a barin mai gaisuwa shi kaɗai. Bakina ya riga ni.

"Lafiya lau," na ce. "Madalla."

Ɗiyata ta take mini ƙafa. Yarinyar ta waiwayo, dariya ta kubce mata, ta share ido. Ta sake juyawa ta ɗauko daga inda ta tsaya. Duk inda ta ja numfashi ina amsawa a hankali, har ta kai ƙarshe ba ta sake tuntuɓe ba.

Sannan ta sa safar hannu, ta ɗauko abin awonta, ta duƙa kan aikinta.