Ramin Da Bai Nuna Ba

Faɗa nake ana rubutawa, in muryata ta karye a yi mini haƙuri.

Lambun maigidana yana bayan gari, inda ruwan kwatocin Haɗeja ke taruwa kafin ya gangara fadama. Ba ya ban ruwa da shi kai tsaye. Sai ya tare shi a kududdufi ya kwanta, ya tace ta cikin yashi da ciyawar kacalla, sannan ya ɗiba. Masu yashe masai kuma su kawo masa abin da suka kwaso, ya zuba a rami, ya bi da toka da ƙaiƙayin shinkafa, ya rufe. Sai ya shekara ake buɗewa, a tarar da baƙar ƙasa, ba wari. Ramuka biyu ne: ɗaya na nuna, ɗaya ana ɗiba.

Abokin wasansa, wani Babarbare mai sayar da kifi, kullum sai ya tsokane shi: "Sarkin ƙazanta, yau me aka dafa?"

Shi kuwa ya ce, "Abin da ka ci jiya ne ya dawo gaishe ka."

Da latas da albasar lambun nan muka ci, muka aurar da 'ya'ya.

Ya rasu ana shirin shuka, Allah ya jiƙansa. Na shiga takaba, ba na fita. Ban da shi, ni kaɗai na san ramin da ya nuna. Ɗanmu na fari ya karɓi lambun. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, shi ma ba ya haɗa ido da ni. Ya zo bakin ƙofa ya durƙusa ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Ya daɗe a durƙushe, ya tashi. Kunya ta hana shi yi wa uwa mai takaba zancen masai.

Sai ya buɗe sabon ramin, wanda bai nuna ba. Toka ta rufe warin, ya zaci haka abin yake, ya watsa wa latas.

Da aka ci latas ɗin, yaran gidaje da dama suka kwanta da gudawa. Allah ya sa ba a rasa rai ba, amma masu sayen ganye suka daina zuwa. Mai unguwa ya hana zuba komai a wurin. Ɗan namu ya kasa fita cikin mutane, ya koma Kafin Hausa yana dako a kasuwa.

Da na fita takaba na roƙi maƙwabtanmu na lambu su karɓa su noma, ko kyauta ne. Babu wanda ya so. Bara aka sayar wa masu buga bulo. Ranar ban iya cin tuwo ba, har yau in na tuna sai hawaye.