Duwatsun Gindin Ɗorawa

A ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, da an gama cin tuwo Kaka takan tura gwaza cikin toka ta ce kowa ya matso kusa da murhu. Ba gwanar tatsuniya ba ce. Ta Gizo ma rabi take yi, ta ce mu ƙarasa da kanmu. Guda ɗaya ce dai ba ta taɓa yankewa ba.

Wai a zamanin Turawa aka zo ɗibar samari zuwa yaƙi a ƙetaren teku. Kafin su tafi tashar jirgin ƙasa, kowanne ya ɗauko dutse a rafi ya ajiye a gindin ɗorawar bakin hanya. Wanda ya dawo sai ya ɗauke nasa ya mayar rafi. A cikinsu akwai wani Bulus mai jan dutse. Yaƙi ya ƙare, tarin ya ragu, nasa yana nan. Aka yi ta shekaru har mutane suka daina zancensa. Ran nan da damina sai ga wani tsoho ya sauko daga jirgi, bai gai da kowa ba sai da ya je ya ɗauki jan dutsen.

"Shi ya sa ba a taɓa dutsen mutum," in ji Kaka. "Ko akuya ta ture, ka mayar inda yake. Mai shi yana hanya."

Kullum muna wuce ɗorawar in za mu makaranta, duwatsun suna nan har da jan. Ban taɓa tambayar yadda aka yi dutsen da aka ɗauke yake nan ba. Sai da na shiga sakandare babana ya gaya mini Bulus yayan Kaka ne, kuma bai dawo ba.

Da aka zo faɗaɗa titi, ƙungiyar ci gaban ƙauye ta kwashe duwatsun zuwa harabar coci. Magini ya haɗe su da siminti ya yi ginshiƙi, aka shafa farin fenti. Ba laifi, ya yi kyau. Fasto ya yi addu'a, aka ci shinkafa.

Lokacin Kaka ta tsufa tukuf. Na riƙo hannunta na kai ta ta gani. Ta shafa ginshiƙin, ta sa farce tsakanin duwatsu biyu ta gwada.

"Ya kama sosai," ta ce.

"Ai haka ake so, Kaka. Yanzu ba wanda zai ɓace."

"To in ya zo, yaya zai cire nasa?"

Na yi dariya, don na ɗauka rikicin tsufa ne. Daga baya na lura ta daina ba yara labarin, ko sun roƙa. Yanzu da nake tunawa, abin yana damuna. Muddin duwatsun suna zube a sake, Bulus a wurinta matafiyi ne da ya yi jinkiri. Ranar da aka zuba simintin aka yi wa Kaka rasuwa, kuma ba wanda ya je mata gaisuwa.