Ƙarar da ta zauna a kunnena na hagu

Mai maganin gargajiyan nan ne ya jawo mini. Duk ranar kasuwar Rano sai ya girke tsohuwar motarsa a ƙofar shagona na ɗinki, ya ɗora mata lasifika biyu, ya yi ta ɓarin baki a kan basir da sanyin mara tun hantsi har la'asar. Na roƙe shi ya matsa gaba, ya ce kasuwa ba ta ubana ba ce. Na kai kuka wajen shugabannin kasuwa, suka ce in yi haƙuri, shi ma abincinsa yake nema. Haƙurin nan kullum ni ake ɗora wa.

Wata rana ya kashe lasifikarsa ya tafi, ƙarar ba ta bi shi ba. Ta zauna a kunnena na hagu, siririya kamar kukan gyare, ina salla tana nan, ina cin tuwo tana nan. A asibiti likita ya haska kunnen ya ce babu abin da za a ciro, sai dai in kwantar da hankalina, in daina sauraronta, in riƙa sa wa raina alheri. Na ji kamar in shaƙe shi. Faɗin haka da sauƙi ga wanda kunnensa yake shiru. Kasuwa na zagayowa kuma, mutumin da ya lalata mini kunne ya leƙo shagona da kwalba, wai ya ji labari, ga maganin ciwon kunne sadidan. Allah ne ya sa almakashi ba ya hannuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna, mahaifiyata. Tana garinmu Tarai, tsufa da ciwo sun mayar da muryarta ƙasa-ƙasa, ƙarar kuma tana cinye rabin abin da take faɗa. Kowace Juma'a nakan je in zauna ina gyaɗa kai kamar na ji, alhali na san hirar da ta rage mana ba ta da yawa. Ta gane. Da ta tambaya, na zazzage mata komai, har da likitan. Sai ta ce ai su a da, in kunnen mutum ya yi ƙara, cewa ake ana ambatonsa.

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce wane marar aikin yi ne zai zauna yana ambatona safe da yamma?

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mai alkunya ce irin ta mutanen da. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "kai" sai "yayanku". Ta yi mini alama da hannu in juyo da kunnen dama.

Ta ce, "Ni ce. In ba kowa a ɗakin nan, nakan faɗi sunan."

Ba ta kai lokacin kaka ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Na san lasifika ce ta yi mini wannan aika-aika, ba na yaudarar kaina. Har gobe ba na amsa gaisuwar mai maganin, kuma ban yafe wa shugabannin kasuwa ba. Amma in shago ya yi tsit, ƙarar ta taso, na daina dafe kai ina tsaki. Sai in ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, in ce, "Na'am, Inna."